Yi wa Tsohon Doki Inshora: Lissafin da Za Ka Yi Kafin Ka Sa Hannu

Doki mai samun kulawa kan kai shekara 25 zuwa 30, amma a wurin kamfanonin inshora tsufansa yana farawa ne daga wajen shekara 15. Daga nan kuɗin da kake biya duk shekara yana hawa, abin da suke yarda su ɗauka kuma yana raguwa. Don haka kafin ka tambayi farashi, ka tambayi kanka: wace asara nake tsoro, kuma takardar inshorar za ta biya ta?

Fara da tabbatar da shekarun. Yawancin dawakin da ake saye a kasuwanninmu ba su da takardar haihuwa. Dillali ya ce shekara tara, haƙora su ce sha shida. Doki na gama famfara a shekara 5. Bayan nan ka ɗaga leɓen sama ka duba haƙorin gaba na uku daga tsakiya: wajen shekara 10 wani zane mai duhu yana ɓullowa daga dasashi, ya kai rabin haƙori wajen 15, ya kai ƙarshensa wajen 20. Kintace ne, ba ƙa'ida ba, shi ya sa likitan dabbobi ne ya kamata ya duba ya rubuta. Kada ka rage shekara a fom. Ranar da dokin ya mutu likitan kamfani zai buɗe bakinsa, in aka ga saɓani sai a soke biyan gaba ɗaya.

Inshorar doki ba abu ɗaya ba ce. Akwai ta mutuwa da sata, akwai ta kuɗin magani, akwai ta daina aiki, wato dokin yana raye amma ba ya hawuwa, sannan akwai ta ɓarnar da zai yi wa wani. A Ingila da Amurka, inda harkar ta kafu, ta daina aiki ce ke fara faɗuwa da doki ya manyanta, kuma tsarin da ake sayar wa tsofaffin dawaki sau da yawa raunin haɗari kaɗai yake biya: karaya, yanka, harbin wani doki. Ciwo daga cikin jiki ba ya ciki.

A nan gizo ke saƙa, domin tsohon doki ba kasafai haɗari ke kayar da shi ba. Abin da ke damunsa shi ne ciwon gaɓoɓi, lalacewar turamen haƙora har ya riƙa zubar da harawa dunƙule-dunƙule yana ramewa, ciwon ciki, musamman irin wanda ƙullutun kitse ke shaƙe hanji, da kuma cutar Kushin, wadda ke sa gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba, kofato ya yi zafi. A ƙasarmu ka ƙara da cutar jini ta cizon kaska, da annobar dawakin Afirka da ƙananan ƙwari ke yaɗawa da damina. Ɗauki takardar ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Duk ciwon da dokin ya taɓa yi kafin a ƙulla yarjejeniya za a cire shi, wani lokaci har da gaɓar baki ɗaya: ya taɓa ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, an cire ƙafar daga inshorar ke nan. Galibi kuma akwai kwana 14 na farko da ba a biyan rashin lafiya.

Sai lissafi. Galibi kamfani yana biyan abin da dokin zai yi a kasuwa ranar da ya mutu, ba abin da ka saye shi yana ɗan shekara shida ba, balle matsayinsa a zuciyarka. A ce ingarmanka yanzu zai yi naira miliyan 2, aka ce ka biya kashi 8 cikin 100, wato 160,000 a shekara. Cikin shekara biyar ka zuba 800,000, alhali dokin a lokacin wataƙila bai kai miliyan ɗaya ba, ga kuma kason farko na kowace asara da kai za ka ɗauka. Idan lissafinka ya fito haka, gara ka buɗe asusu na daban ka riƙa ajiye kuɗin, ka kashe shi kan goge kaifin haƙoransa sau ɗaya ko biyu a shekara, rigakafi, maganin tsutsa da na kaska, da jiƙa masa dusa in tauna ta gagara. Amma a yi adalci: asusu yana aiki ne ga wanda ba zai taɓa shi ba ranar da hidimar biki ta taso.

Inshorar mutuwa tana da ma'ana idan har dokin na da daraja mai yawa a kasuwa, kamar goɗiyar da ke haihuwa ko dokin folo, wato ƙwallon dawaki, da aka shigo da shi daga Ajantina yana kan wasa, ko kuma idan an daɗe ana yi masa inshora. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: sabunta tsohuwar yarjejeniya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan neman sabuwa ga doki ɗan 18. In ka bari ta yanke, ko ka koma wani kamfani, duk tarihin ciwonsa zai zama abin cirewa.

Wadda ba ruwanta da shekaru ita ce ta ɓarna ga wasu. Dokin da ke fita hawan sallah ko kilisa cikin jama'a da motoci, ko tsoho ne, harbi ɗaya ya isa ya jawo maka kuɗin asibiti da shari'a. Tambayi ko za a sayar maka ita kaɗai, kuma ko ta haɗa da lokacin da yaron barga ne ke kan dokin, da lokacin ɗaukarsa a mota.

A Najeriya, tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa. Wanda ke da shakku ta fuskar addini ya nemi takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Hukumar inshorar noma, NAIC, tana harkar dabbobi; ka nemi amsa a rubuce kan ko tana karɓar doki, kuma har shekara nawa.

In ka riga ka shiga, inda aka fi yin asara shi ne ranar mutuwa. Kira kamfani da likita tun dokin yana kwance, ba bayan ya cika ba. Kada ka yanka shi, kada ka sayar wa 'yan nama, kada ka ɗauke masa rai da allura sai likita ya tabbatar a rubuce cewa babu magani. In ya mutu, ɗauki hotuna da alamominsa, kada a binne sai an buɗe gawar an rubuta sanadi. Da zafinmu gawa kan lalace cikin 'yan awoyi, saboda haka ka ajiye lambar likita a jikin ƙofar barga, tare da lambar yarjejeniyar.