Kurakuran da ke kayar da ɗan takarar majalisar jiha sau biyu, sau uku

Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da irinsa: mutumin da ake kira Onarabul alhali bai taɓa zama a zauren majalisa ba. Ya tsaya a 2015, ya sake fitowa a 2019, fastarsa ta 2023 har yanzu tana manne a katangar firamare. In ka tambaye shi me ya faru, amsarsa ɗaya ce, an yi masa maguɗi. Maguɗi kam ana yi, babu mai musu. Amma da yawansu tun kafin a buɗe akwati suke faɗuwa, kuma abin da ya kayar da su jiya shi suke sake ɗauka.

Babban kuskuren shi ne faɗuwa ba tare da sanin inda aka faɗi ba. Mazaɓar majalisar jiha ƙarama ce. A Kano kujeru 40 ne ga ƙananan hukumomi 44, wato kusan ƙaramar hukuma guda ce filin wasanka. Kowace rumfar zaɓe tana da takardar sakamako, EC8A, kuma doka ta ba wakilinka damar karɓar kwafi. Wanda ya faɗi, ya tattara su duka ya zauna da biro da littafi. A nan zai ga unguwar da ya haƙa wa rijiyar burtsatse ta ba shi ƙuri'a goma sha wani abu, ƙauyen da bai taɓa takawa ba kuma ya ba shi ɗari. Zai ga akwatin da shugaban jam'iyya na gunduma ya rantse masa cewa "naka ne, je ka kwanta", ashe anti-fati aka yi masa a wurin. Wannan lissafin ba shi da daɗin karantawa, shi ya sa aka fi son zancen maguɗi.

Daga nan sai wakilin akwati, wanda ake ce wa ejan. Za a kashe miliyoyi wajen kiɗa da haya motoci, ranar zaɓe kuma a tura yaron da ba ɗan unguwar ba, ba karin kumallo, ba kati a waya. La'asar na yi yunwa ta kore shi, ko abokin hamayya ya sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gyaran ba shi da wuya: a zaɓi wanda yake jefa ƙuri'a a rumfar, ya iya karatu, a biya shi rabi da safe, sauran sai ya kawo takarda da sa hannu. A koya masa duba adadin masu zaɓen da na'urar BVAS ta tantance, domin dokar zaɓe ta 2022 ta ce in ƙuri'un da aka jefa sun fi waɗanda aka tantance yawa, a soke akwatin. Ya kuma ɗauki hoton takardar kafin ta bar wurin.

Wasu kuwa taro ne ke ruɗarsu. Matasan da suka cika fili suna "sai kai" su ne za su cika filin abokin hamayyarka gobe, kuma sojojin baka na rediyo da masu yabo a Facebook ba su ne layin ba. Matan da ke cikin gida su ne ke tsayawa a rana. Abin da ake yawan mantawa, takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunanka ko hotonka, alamar jam'iyya ce kawai. In tsohuwa ta san fuskarka amma ba ta san alamar da za ta dangwala ba, taliya da atamfarka sun tafi a banza. A sa mata su shiga gida-gida da samfurin takardar, a nuna wurin dangwale.

Sauya sheƙa cikin fushi ma yana cin mutane. An kayar da kai a zaɓen fid da gwani, ka tsallaka jam'iyyar da ba ta da ko ofis a gundumarka. Zaɓen majalisar jiha rana ɗaya ake yin sa da na gwamna, kuma mutane sun fi yin sak. A ranar 18 ga Maris 2023 guguwar NNPP a Kano ta tafi da mafi yawan kujerun majalisa. Kafin ka tsallaka, duba wa ke takarar gwamna a can.

Sai takardu. Ma'aikacin gwamnati dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe, sunan da ke takardar makaranta kuma ya dace da wanda aka miƙa wa INEC. Kada ka raina yadda aka ba ka tikiti. A Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba, mutanen da suka ci zaɓe suka koma gida, PDP ta karɓe majalisar.

In kuma da gaske an zalunce ka, kotu ba ta jira. Rikicin fid da gwani kwana 14 kake da shi, ƙarar sakamako kwana 21 daga ranar sanarwa. Shari'ar sakamakon zaɓen majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli. Abin da lauya zai fara tambayarka kuwa shi ne kwafin EC8A da sunayen ejan ɗin da za su tsaya shaida, akwati bayan akwati.