Wace a-kori-kura ce za ta ja maka injin tsaga katako?

Masu sana'ar katako da kafintocin da suka fara tunanin sayen injin tsaga na tafi-da-gidanka, irin wanda ke bisa tayoyinshi ana jan shi da mota har gindin icce, kusan tambayarsu guda ce, Hilux ko wata daban. Ni dai a ganina da sauran magana kafin a zo nan. Kar ka taka wajen dillalan mota sai ka san nauyin injin ɗinka tukuna, ka kuma san abun da za ka loda a bayan motar ranar fita aiki, don galibi ba injin ne ke kashe mota ba, tarkacen da ke biye da shi ne, sai yashi, sai zafin rana.

Injinan nan hawa-hawa ne. Ƙananan da ake tura kan zarton da hannu, irin su LT15 na Wood-Mizer ko na kamfanonin Norwood da Woodland Mills na Kanada, ko an haɗa da 'yar tirelarsu da wuya su wuce tan ɗaya. Manyan masu haidirolik da ke ɗaga gungume su juya shi da kansu, kamar LT40, suna kai tan ɗaya da rabi zuwa biyu, tsawonsu kuma wajen mita 8. Nauyin yana rubuce a wani ɗan faranti jikin hancin tirelar ko a littafin injin. In kuwa ƙirar gida ne da masu walda suka haɗa, babu faranti babu littafi, to ka kai shi sikelin manyan motoci a auna maka, kar ka tsaya ga "ai ba shi da wani nauyi Alhaji, ko Golf ma ta ja shi".

Ita kuma kowace mota kamfanin da ya ƙera ta ya faɗi iyakar abun da za ta ja, kuma lamba biyu ce ba ɗaya ba. Akwai ta tirela mai birkin kanta, akwai ta wadda ba ta da birki. Dillali babbar zai faɗa maka. Hilux na dizal daga 2015 zuwa sama wasunsu an rubuta musu kilo 3,500, haka wasu D-Max da Ranger na zamanin nan, na kafin su kuma ba su wuce tan uku ba. Amma duk wannan lissafin na tirela mai birki ne, in babu birki kilo 750 ne kacal a kusan dukkansu. Ka ga kenan mai injin tan ɗaya da rabi da birkin tirelarshi ya mutu tun ranar da aka sauke shi daga kwantena, ya ninka abun da aka yarje mishi, kuma ba zai gane ba sai ranar da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo mishi titi wajen Mashi, ya taka birki ya ji abu na tura shi daga baya. Ja ba wuya gare shi ba, ko tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura ta motsa tan biyu bisa kwalta, tsayawar ce aiki.

Don haka ka duba wane irin birki ke jikin injin. Na Turai galibi birkin yana kama kanshi ne idan tirelar ta tura motar, ba ya buƙatar komai daga gare ka sai gyara da man shafawa. Na Amurka da yawa na lantarki ne, sai an ɗaura wani ɗan akwati a cikin motar kusa da direba wanda ke aika wuta zuwa birkin, in babu akwatin nan to babu birki ko da sabo ne fil. Mai wayarin da ya san aikinshi zai haɗa maka, tare da wutar sigina da ta birki, tunda soket ɗin Amurka da na Turai ba su shiga juna.

Yanzu lissafin da mutane ba su son ji. Mu ce injinka kilo 1,700 ne. Wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin nan bisa bayan motar yake sauka ta wurin ƙugiya, kilo 170 kenan, kuma daga cikin lodin motar ake cire shi. Hilux mai gida biyu abun da take ɗauka duka, da direba da fasinja da kaya, bai cika wuce tan ɗaya ba, mu ce kilo 900. Kai da yaranka uku kilo 280. Ruwan da ake ɗiga wa zarto jarka huɗu kilo 100, fetur na injin, injin yankan icce na hannu, zartuna, jak, sarƙa, akwatin sifana, ka sa kilo 150 ba ka yi ƙarya ba. An kai 700. Saura 200. To ɗanyen falanki guda mai kaurin inci ɗaya, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, in na icce mai nauyi ne yana kai kilo 25 ko fiye, wato falanki takwas sun cinye sauran. Takwas fa. Gungume mai kaurin rabin mita da tsawon mita 4 shi kaɗai ya kusa kilo 800 in ɗanye ne. Shi ya sa nike cewa ka cire ran dawowa da katako da inji a sawu ɗaya, ko dai ka yi sawu biyu ko ka ɗauki hayar Kanta ta kwaso katakon, ya fi maka araha bisa karyewar sifirin a daji. Kuma in yaranka ba su da yawa, mai gida ɗaya ta fi dacewa da aikin nan, bodinta ya fi tsawo, lodinta ya fi yawa, kuɗɗinta ya fi sauƙi, illa dai ba ta da kwarjinin zuwa ɗaurin aure.

Nauyin hancin nan kar ya yi yawa kar kuma ya yi kaɗan. In ya yi yawa gindin motar zai zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf. In ya yi kaɗan, kamar amalanken da aka jibge wa kaya a gindi, tirelar za ta fara rawa hagu da dama da zarar ka wuce gudun 60, kuma in ta fara kar ka danne birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari a miƙe har ta natsu. Kan zarton shi ne mafi nauyi a jikin injin, akwai wurin da aka yi mishi na kullewa lokacin tafiya, nan za ka kulle shi kullum ba inda yaro ya ga dama ba.

Ƙugiyar ja kuwa ita ce inda ake yin ganganci ƙarara. Za ka ga an yi waldar ƙwallo bisa bamba, bambar da kusoshi huɗu ke riƙe da ita. Ƙarfen ja na gaskiya jikin shasi ake ɗaure shi da manyan kusoshi ta gefe biyu, kuma shi ma da lambar nauyinshi a jiki. Sai girman ƙwallon, na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2 wato milimita 50.8, ido ba ya rabe su amma bakin tirelar Amurka bisa ƙwallon Turai yana da ɗan wasa, kuma wasan nan ƙaruwa yake a hanyar gargada. Sayi wanda ya dace da injinka. Sarƙoƙi biyu na ko-ta-kwana a gicciye su ƙarƙashin hancin, in ƙugiya ta kuɓuce su tare shi kar ya caki ƙasa.

Sai mu zo kan fowil, wato jan taya huɗu, wanda direbobinmu ke kira ogzilari. Wanda zai riƙa aiki cikin gari kawai, daga wannan fili zuwa wancan, mai jan baya kaɗai ta ishe shi. Amma icce ba bakin kwalta yake ba, gonakin turare da layukan bedi da aka shuka don tare iska duk cikin jigawa suke, kuma duk wanda ya san yashin wajen Daura, Sandamu, Zango zuwa Baure da rani, ko laka ta wajen Funtua da Malumfashi da damina, ya san mota mai jan baya da tan biyu a gindinta ba inda za ta. Ka nemi mai ƙaramar giya ta 4L, kuma ka gwada ta da kanka kafin ka biya don da yawa an cire musu shaf ɗin gaba an bar liba na ado. Amfanin 4L bai tsaya ga fita daga yashi ba, da ita za ka yi ribas a hankali ka saita injin gefen gungume ba tare da ka ƙone kuloci ba. In za ka shiga yashi rage iskar taya, in ka fito ka mayar, don haka ɗan famfo na batir ya zama cikin kayan aiki. Kuma da ka hau kwalta ka cire fowil ɗin, irin na motocin nan ba a yi shi don busasshen titi ba, yana cin giya da taya.

Fetur ko dizal? Dizal ya fi ƙarfin ja tun daga ƙasa, ya fi tsimin mai da kaya, ba musu. Matsalar sabbin injinan dizal ba su haƙuri da gurɓataccen mai, jarka ɗaya ta 'yan bumburutu mai ruwa a ciki ta isa ta kashe maka nozul da famfo, kuɗɗin gyaran kuma ba na wasa ba ne. In kana da gidan man da ka yarda da shi kuma za ka riƙa canza filta a kan lokaci, bismillah. Tsohon injin 5L mai lita 3 wanda ba tobo shi ba ruwanshi, sai dai nawa, za ka isa amma ba da wuri ba. Ni in injin tsagar bai wuce tan biyu ba Hilux mai fetur 2.7 nike ba mutum shawara, tana shan mai in tana ja, gaskiya ne, balle tun da aka cire tallafi a 2023 kowace lita ana jin ta a aljihu, amma kowane bakanike a Katsina ya san cikinta, kuma abun da aka rasa a gari ana samo shi Kofar Ruwa a Kano a yini guda. L200 ma ba laifi. Tundra kam za ta ja injin ta ja mai injin, amma V8 ce mai lita 5.7 a yawancinsu, ka tambayi aljihunka.

Masu son Tacoma 'yar Amurka su lura da abu biyu. Lambobinta da fam ake rubuta su ba kilo ba, fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, 3,500 ɗin da ka gani a takardarta kusan kilo 1,600 ne, kuma nan mai silinda huɗu ta kafin 2024 ta tsaya, sai V6 da ta zo da kayan ja daga kamfani ce ke kusantar tan uku. Na biyu tsatsa. Garuruwan sanyi gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin shasi ta ciki, ka shiga ƙarƙashin motar da guduma ka ƙwanƙwasa musamman baya inda ƙarfen ja zai zauna, in ka ga sabon baƙin fenti mai kauri a wurin ka ƙara bincike.

Manuwal ko otomatik duk suna yi. Manuwal kuloci take ci, otomatik zafi ke kashe ta, in ita ka saya a ƙara mata 'yar lagireton man giya, kuma kar ka bar ta a giyar ƙarshe tana hawa tana sauka da kaya. Lagireton injin motar ma a wanke shi, a duba fanka, a zuba ruwan kulan na gaskiya, kuma don Allah kar ka bari a cire maka tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi. Watan Afrilu da rana ta haura digiri 40 shi ne jarrabawar, fita da asuba ya fi.

Taya ka nemi masu LT ko C a jikin lambarsu, su ne na kaya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT sati ne da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, tayar da ta haura shekara shida ko zanenta na nan ka bar ta. Tayar injin ma a sama mata safaya, girmanta ba lalle a same shi a ƙauye ba.

Ranar ciniki ka je da bakanikenka ba na dillali ba, in da hali ka ɗaura injin ko wata tirela mai nauyinshi ku hau hanya kamar ta Daura ku yi kilomita 20, kana kallon allurar zafi, kana jin ko kuloci na zamewa a giya ta uku, ka taka birki a gudun 50 ka ga ko tana ja gefe. Ka tuna mota da inji sun kai mita 13, kwanar cikin gari sai ka buɗe sosai, gudu kuma 70 zuwa 80 ya isa. Guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama. Takardun kwastan a tantance su da lambar shasi, tunda a farkon 2017 an hana shigo da mota ta iyakar ƙasa kuma mu nan bakin boda muke, shingaye ba su ƙarewa. 'Yan Rod Sefti da KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Jihar Katsina, za su duba wutar bayan injin da abun ƙyalli, a sa su tun a gida. Takardar izinin sare icce daga ma'aikatan gandun daji ita ma ta zauna cikin motar tare da sauran, don injin tsaga a bayan mota ba ya ɓoyuwa, duk shingen da ka zo sai an tambaye ka icen wa za ka yanka.