Yadda za ka zaɓi ƙaramar mota mai sauƙin shan mai

Ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ina da wata babbar mota mai silinda 6 da nake ji da ita ƙwarai. Kafin sati ya zagayo litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai 500 da ɗoriya, kuma ba ta tsaya nan ba, don a ƙarshen 2024 sai da muka saye ta sama da naira 1,000. Na yi wata biyar ina lallaɓawa, yau mota, gobe adaidaita sahu, har ranar da na kama kaina ina lissafin ko in je ta'aziyya Gwarzo ko in buga waya kawai. Ranar na san zamana da motar nan ya ƙare. Na sayar da ita, na shiga neman ƙarama mai guntun baya, irin wadda ake ɗaga ƙofar but ɗinta gaba ɗaya har da gilashi.

Kafin ka taka ƙafa wajen dillalai, ɗauki biro ka rubuta tafiyar da kake yi a rana. Ni a Kano nake, daga Rijiyar Zaki nake fita, in sauke yara a makaranta, in wuce aiki wajen Bompai, in dawo da yamma. Kusan kilomita 30 ke nan. A kwana 26 na aiki ya kama kilomita 780. Tsohuwar motata kilomita 7 take yi da lita ɗaya a cikin gari, wato lita 111 a wata. Motar da ke yin kilomita 12 da lita ɗaya kuwa, lita 65 za ta sha. Bambancin lita 46 ne duk wata. Ninka shi da farashin da ka sayi mai jiya, za ka ga ko canjin ya ci wahalarsa. Idan kai mai fita sau biyu ne a sati, wallahi riƙe motarka ya fi maka, domin abin da za ka yi asara wajen sayarwa da saye ya fi man da za ka rage a shekara biyu.

Sai maganar girman inji, kuma nan ne mutane suka fi ruftawa. Ana ganin iya ƙanƙantar inji iya sauƙin mai. A takarda haka ne. Amma ka ɗauki inji mai lita 1.0 da silinda 3, ka zuba masa manya huɗu da buhun shinkafa a baya, ka kunna na'urar sanyaya mota, esi ke nan, a tsakar ranar Afrilu da zafin Kano ke kaiwa 40. Dole ka riƙa taka totur har ƙasa kafin ta motsa, kuma duk takawar nan mai ne. A kan hanyar Kano zuwa Kaduna, sama da kilomita 200, in ka zo wuce tirela sai ka ji kamar ka fito ka tura. Mai 1.0 ta dace da mutum ɗaya ko biyu masu zirga-zirgar cikin gari. Mai iyali ya nemi 1.2 zuwa 1.5. Ni 1.3 na saya, kuma ban yi da-na-sani ba.

Wace iri? Na farko da kowa zai ambata maka ita ce Toyota Yaris, musamman ƙirar 2006 zuwa 2011. Injinta sarƙa ce ke juya shi, ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewar tayimin bel, kuma da wuya ka shiga garejin da ba a taɓa buɗe irinta ba. Wadda ta zo daga Turai 1.0 ce ko 1.3, ta Amurka kuma 1.5. Tsadarta ce matsalarta, sunan ake saya. Amma ranar da ka tashi sayarwa sunan nan zai dawo maka da kuɗinka.

Honda Jazz, wadda a Amurka da Japan ake kira Fit, ta fi su duka fili a ciki. Tankin manta a ƙarƙashin kujerun gaba yake, shi ya sa kujerun baya suke kwanciya shafal, ko ka ɗaga mazauninsu sama ka tsayar da keken ɗinki. Abu biyu za ka kiyaye. Tsohuwar ƙirar Turai fulogi 8 gare ta, biyu a kowace silinda, kuma bakanike mai gaggawa huɗun gaba kawai yake canzawa ya bar na baya, sai mota ta riƙa tari tana zuƙar mai. Na biyu, mai giyar CVT, wata irin otomatik ke nan, man giyarta na musamman ne. Aka zuba mata na gama-gari, an fara haƙa mata kabari.

Kia Picanto da Hyundai i10 sun fi araha, man da suke sha kaɗan ne, kuma a cinkoson Kantin Kwari za ka cusa su inda babba ba ta isa ba. But ɗinsu dai ɗan kaɗan ne, kayan cefane biyu ya cika. Tsofaffin masu inji 1.1 bel ne ke juya su, don haka ranar da ka saya ka sa a canza shi, kar ka yarda da "ai bai daɗe ba". Peugeot 206 daɗin tuƙi gare ta, kuma mu 'yan Arewa mun saba da Fijo tun da aka buɗe kamfanin haɗa ta a Kaduna a 1975, sai dai ka tsaya a bayanta ka dubi tayoyin baya: idan samansu ya karkata ciki, gatarin baya ya ci, kuma gyaransa ba na wasa ba ne. Nissan Micra da ta cika titunan Ibadan a matsayin tasi da Golf 3 da ke jigila tsakanin garuruwanmu sun nuna juriyarsu, amma shekarunsu sun ja. Golf 3 tun kafin 2000 aka daina ƙera ta. Samun wadda ba a tatse ba sai an sha yawo.

Duk wadda ranka ya kwanta da ita, kar ka biya sai ka yi abin da bakanikena ya sa ni. Ya ce, "Malam, je ka kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa tukuna. Tambayi fitilar gaba, shokozoba, famfon mai da gilashin baya na motar nan. In shago uku suka ce maka sai an aiko daga Legas, ka bar ta." Na je kuwa. Wata mota da na ƙwallafa rai a kanta, kyakkyawa, kujerunta kamar ba a taɓa zama ba, a nan na haƙura da ita, don gilashin bayanta babu shi a kasuwar gaba ɗaya. Motar da ke kwana uku a gareji tana jiran kaya, abin da ta rage maka na mai a adaidaita sahu zai ƙare.

Giya kuwa, ta hannu ta fi sauƙin mai da sauƙin gyara; in kulocinta ya ƙare a canza, shi ke nan. In gosulo ya dame ka, ko uwargida ce za ta riƙa ja kuma ba ta son ta hannu, nemi otomatik ta asali. Wadda nake gudu ita ce rabi-da-rabi, wato giyar hannu da aka ɗora wa kwamfuta tana taka kuloci da kanta, irin MMT da ke cikin wasu Yaris na Turai. Tana fizga wajen canji, kuma masu iya saita ta ƙalilan ne.

Akwai kuma wadda aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar Japan ko Ingila sai an mayar da sitiyarinta hagu. Wani juyin yana kyau, wani kuwa walda ce da wayoyi da aka ƙulla da salatif a bayan dashbod. Ga yadda ake gane ta: sandar sigina tana dama da sitiyari, abin buɗe bonet yana wajen fasinja, waifa kuma tana barin gefen direba ba ta share shi sosai ba. In ka ga an rubuta Vitz a bayan mota, sunan Yaris ne na kasuwar Japan, sai ka ƙara buɗe ido.

Ranar dubawa ka je da sassafe, da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka ce kar a tayar da ita kafin ka iso, ka ɗora hannu a kan injin ka ji ko da sanyinsa, domin inji mai ciwo da safe yake tona kansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi, fetur take zubarwa. Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa. In ka ga abu kamar madarar da ta kwanta, ruwa ya shiga inji. Juya makulli ba tare da ka tayar ba, ka tabbata fitilar inji ta kama a dashbod sannan ta mutu bayan an tayar, saboda akwai masu cire ƙwanta don kar ta tona asiri. A sa mata kwamfutar gano matsalar inji. Sannan ka ja ta da kanka da esi a kunne, ka hau tudun rage gudu da mutum huɗu a ciki ka ji ko cikinta na gogar ƙasa. Motocin Turai da yawa gajeru ne, kuma unguwarku a watan Agusta kai ka san ta.

Abin da ni na manta ban duba ba shi ne ƙasan salansa. Akwai wata tukunya a jikinsa mai tace hayaƙi, makanikai na ce mata indomi, ana fasa ta a kwashe abin ciki a sayar saboda ƙarfe mai daraja da ke ciki. Tawa an kwashe, an mayar da walda tsaf. Sai da na ga mota tana shan mai fiye da yadda na yi tsammani, ga wari a bayanta, muka ɗaga ta muka ga ɗinkin. Na koma wa dillalin, ya rantse shi ma haka ya saye ta. La'adarsa dai ta riga ta shige aljihu. Kwanta ka leƙa, ko da za ka ɓata babbar riga.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani: takardar kwastan, lambar shasi ta jikin mota ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi, a rubuta takardar ciniki da shaidu. Mota tana Kwatano ana nuna maka hotonta a waya, wannan cinikin biri a sama ne.

Bayan ta zama taka, auna shan manta da kanka, kar ka dogara da "ai shaƙa kawai take yi" na mai sayarwa. Cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ka yi harkokinka na sati, ka koma gidan man nan da famfon nan ka sake cikawa. Raba kilomita da litar da ta shiga. Ka yi 300 ta ci 25, to 12 ke nan. In ta Amurka ce mitarta mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 tukuna. Tawa, bayan an gyara salansa, 12 take ba ni a gari da esi, a doguwar hanya kuma takan kai 16 in ban wuce gudun 100 ba.

In lissafin ya fito ƙasa da yadda ya kamata, fara da masu araha. Iskar taya tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, yawanci wajen 32, amma mai faci in ba ka tsaya a kansa ba 45 zai ɗura maka, wani kuma ya bar ta a 25. Matatar iska lokacin hunturu ƙura ke toshe ta, ka riƙa cirewa kana dubawa. Baƙin mai ka zuba wanda littafin motar ya ce. Waɗannan ƙananan injina siriri suke so, irin 5W-30, ba mai kaurin 20W-50 da aka saba ɗura wa kowace mota ba. Sai babban rikicina da makanikai: cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutarsa tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Tawa a haka na same ta. Da na ce a mayar, bakanikena ya dube ni ya ce, "Malam, in ta tafasa ba ruwana." Na ce na ji. Muka wanke lagireto, muka sa sabon tamostat, muka mayar da fanka kan na'urarta. Afrilu biyu ke nan allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, shi kuma har yau in na shiga garejin sai ya leƙa dashbod kafin ya amsa sallamata.