Kurakuran da ake yi wajen cire fenti da tabo daga mabul

Duk gabanin sallah, gidaje da yawa a Zariya suna sake fenti, tun daga Tudun Wada har Samaru, kuma da wuya mai fenti ya tattara kayansa bai bar ɗige-ɗige a matakala ko teburin kicin ko daɓen falo ba. Ɗigon fenti yana fita. Ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi tana zuwa ne daga gaggawar cire shi.

Mabul dutse ne mai taushi, duk da ido yana ganinsa kamar mai ƙarfi. Danginsa ɗaya da dutsen da ake yin siminti da shi, kuma a Najeriya ana haƙo shi a wurare irin su Jakura a jihar Kogi da Igbeti a jihar Oyo. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana wajen 3, ƙarfen wuƙa ya haura 5, ƙwayar yashi kuma 7 take. Shi ya sa reza da soson ƙarfe da sanfefa duk suke kartar sa. Ko ƙurar hunturu, idan aka bi ta da jiƙaƙƙen tsumma ba a fara sharewa ba, a hankali take dusashe ƙyallinsa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na tsami. Uwargida ta saba lemon tsami da ruwan tsamiya suna fitar da tsatsa a tukunya, sai ta matsa a kan mabul, ko ta ɗauko ruwan wanke banɗaki mai asid ta zuba. Tsami yana cin jikin dutsen ne kai tsaye. Cikin 'yan mintuna za a ga wani farin zagaye mara ƙyalli, idan aka shafa da yatsa a ji kaushi-kaushi. Wannan ba datti ba ne, sabulu ba ya fitar da shi, sai dai a kira masu gogewa da inji. Daɓen tarazo na tsofaffin gidaje ma haka yake, domin gutsattsarin mabul ne a cikinsa.

Kafin a taɓa ɗigon, a tambayi mai fentin wane iri ya shafa. Fentin ruwa, wanda ake yi wa bango, bai da wahala: a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka, a ɗora a kai na kamar minti 15, sannan a ture shi da gefen tsohon katin ATM ko wani abin roba. Fentin mai, irin na ƙofofi da tagogi, shi ne ake yawan kai wa hari da kananzir. Mabul yana da ƙananan ƙofofi masu shan ruwa, sai ya tsotse man ya bar duhun tabo da ya fi ɗigon faɗi. Gara a samo asiton, wani ruwan sinadari mai narkar da fenti, a ɗiga kaɗan a auduga, a fara gwadawa a wani lungu da ba a gani, sannan a riƙa dangwalawa a kan fentin kawai. A buɗe tagogi, kuma kada a kusanci murhu ko kaskon wuta, don asiton nan da nan yake kama wuta. Ana gamawa a ɗauraye da ruwa, a goge ya bushe.

Idan tabo ya riga ya shige ciki, irin na manja ko kananzir, gurzawa ba ta kai masa. Ana kwaɓa garin alli da asiton ya yi kauri kamar kunu, a shafa da ɗan tudu, a rufe da leda, a manne gefenta, a bari kwana 1 zuwa 2. Sai a cire ledar a bar kwaɓin ya bushe sarai, domin a bushewar ne yake jawo man waje. Wani lokaci sai an maimaita.

Da sanyin Disamba da Janairu kuma, a daina ajiye kaskon garwashi ko na turaren wuta kai tsaye a kan mabul. Zafi yana iya tsaga shi, hayaƙi kuma ya bar baƙi. A sa bulo ko faranti mai kauri a ƙarƙashi.