Yadda na gyara kaftani mai tattarewa

Kaftanin zafi ɗinki ne mai sauƙi ga mai koyo: a ninka yadi, a fitar da wuya, a ɗinke gefe. Sai dai yadin audugar da na ɗauka shara-shara ne, layin ɗinki ya yi ta tattarewa, wuyan kuma ya saki.

Na sa siririyar allura mai lamba 70, na sassauta zaren sama na keken ɗinki kaɗan, na shimfiɗa takarda ƙarƙashin yadin na ɗinka tare, daga baya na yage ta.

Wuyan kuwa, duk inda aka yanka yadi a karkace yakan miƙe. Shi ya sa a kaftani na gaba, ina yankawa na bi gefensa da ɗinki layi ɗaya, sannan na danna da dutsen guga ba tare da ja ba. Ya kwanta sumul.