Yadda ake horar da masu ceto su fito da mutum daga rijiya da igiya

A Rigasa, Tudun Wada, Kawo ko Unguwan Mu'azu, da wuya ka ratsa layi ba ka wuce gida mai rijiya ba. Ga sokawe, ga shadda, ga ramukan da magina ke bari a buɗe. Saboda haka aikin igiyar da ya fi kusa da ɗan kwana-kwana ko ɗan agaji a Kaduna shi ne a saukar da mutum ɗaya cikin rami ya fito da wani, su biyun da ransu. Abin da ke tafe tsarin horon farko ne na wannan aiki. Karatu kaɗai ba ya isa: kowane mataki sai an yi shi da hannu a gaban malamin da ya ƙware.

A fara da igiyar kanta

Igiyar guga, shuɗiyar igiyar roba ta kasuwa, igiyar rama da igiyar jan mota, duk a ajiye su gefe. Ba wanda ya auna ƙarfinsu don ɗaukar mutum, kuma rana na cinye ta roba har ta riƙa marmashewa. Igiyar ceto ninki biyu ce: zaruruwan ciki masu ɗaukar nauyi, da saƙaƙƙiyar riga a waje mai kare su. A nemi marar talewa sosai, mai kaurin milimita 11 zuwa 12.5. Mai ɗauke da lambar ƙa'idar Turai ta EN 1891 nau'in A ba ta gaza kilonuton 22 (kilonuton ma'aunin ƙarfin ja ne) kafin ta tsinke, wato kusan kilo 2,200, nauyin buhun siminti 44. Ta ƙa'idar NFPA ta Amurka mai milimita 12.5 tana kai kilonuton 40.

Kada wannan lissafi ya ruɗi kowa. Ƙulli kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin igiya, igiyar nailan tana ƙara rauni in ta jiƙe, fizga kuma tana ninka nauyi sau da yawa. Shi ya sa ake son ƙarfin kayan ya ninka nauyin da za a ɗora kamar sau 10.

Sauran kayan tawaga ɗaya: igiya biyu masu launi daban, ɗamarar jiki mai kama kafaɗa da cinyoyi, hular kwano mai maɗaurin haɓa ga kowa har da wanda za a ceto, safar hannu ta fata, karabina (zoben ƙarfe mai ƙofa da ake maƙala igiya da shi) mai kulli kamar 10, fuli (ƙaramar taya da igiya ke bi ta kanta) 3, madauri mai faɗi, siririyar igiya mai milimita 8, na'urar birki ta sauke nauyi, ƙarfe mai ƙafa uku, usur, fitilar goshi da na'urar auna iska. A nuna wa ɗalibai lambobin da aka buga a gadon bayan karabina. Da yawa suna ɗaukar kilonuton 20 ko fiye a tsaye, amma kusan 7 kawai in nauyi ya faɗa a gicciye ko ƙofar na buɗe. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake mantawa da murza kulli.

Ƙulli huɗu sun isa a makon farko

Ƙullin takwas mai kunne shi ne na farko: a ninka bakin igiya, a zagaya da ninkin, a zura shi ta cikin zoben har siffar lambar 8 ta fito. A gyara zaruruwan su kwanta gefe da gefe ba tare da sun hau juna ba, a ja kowane reshe ya zauna, a bar wutsiya da ba ta gaza santimita 15 ba. An fi son sa ne don ko daga nesa ana gane in an yi shi daidai.

Na biyu ƙullin masunta mai ninki biyu, wanda ake haɗa bakunan siririyar igiya da shi ta zama zobe. Na uku Furusik: a naɗa wannan zobe sau uku a jikin babbar igiya. In ba nauyi, hannu na iya zamar da shi, da nauyi ya faɗa kuma sai ya cije. In siririyar ta yi kauri kusa da babbar, ba za ta cije ba, sai dai ta zame. Na huɗu ƙullin haɗa madauri mai faɗi, wanda wutsiyarsa ke saɓulewa a hankali, don haka a duba shi duk lokacin da za a yi aiki.

A sa kowa ya yi su da safar hannu, sannan da ido a rufe. Cikin rijiya duhu ne.

Turke

Duk abin da za a ɗaure igiya a jikinsa turke ne, kuma in ya tafi, komai ya tafi. Babban itacen mangwaro ko darbejiya mai rai da saiwa mai zurfi yana yi. Ginshiƙin kankare yana yi. Ƙarfen taga, bututun famfo, katangar bulo, falwayar wuta da ƙafar tankin ruwa ba sa yi, ko da mai gida ya rantse cewa suna da ƙarfi. In mota ce kaɗai ke kusa, a ɗaure a shasi, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a cire makulli ya shiga aljihun shugaban tawaga.

Ɗaurin da ya fi sauƙi a jikin itace: a naɗa igiyar sau huɗu can ƙasa kusa da gindi, a yi ƙullin takwas a bakinta, a maƙala shi da karabina a jikin igiyar da ta fita. Naɗin ne ke riƙe nauyi, don haka igiyar ba ta rasa ƙarfinta. In turke biyu za a haɗa, a lura da buɗewar kusurwar da ke tsakanin rassan. A digiri 90 kowane reshe na ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin, a digiri 120 kuwa kowanne na ɗaukar nauyin gaba ɗaya. Kada a wuce 90.

Iska kafin kowa ya leƙa

A nan ne ake yawan asarar rai, kuma a nan ya kamata malami ya daɗe. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: mai yasar rijiya ya faɗi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su biyun. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin 100. Ƙasa da 19.5 ba a shiga sai da tukunyar numfashi. A tsohuwar rijiya iska mai nauyi na taruwa a ƙasa ta kore oksijin. A sokawe da shadda akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa take kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta wuce. In kuma an kunna injin jan ruwa mai fetur a ciki ko a baki, hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi.

A zura na'urar auna iska da igiya, a tsaya a sama, a tsakiya da ƙasa, a ba ta lokaci ta karanta a kowane wuri. Dabarar zura fitila ko kyandir da aka gada ba abin dogaro ba ce: wuta na iya ci gaba da ci a iskar da za ta kashe mutum, a sokawe kuma tana iya tada gobara. Jiƙaƙƙen tsumma a hanci da takunkumin asibiti ba sa ƙara oksijin ko kaɗan. A hura iska mai kyau da injin hurawa da doguwar mesa har ƙasa, a ajiye janareta nesa ta inda iska ke kwashe hayaƙinsa, a ci gaba da hurawa da aunawa har a gama. Ba a sakin oksijin na tukunyar asibiti ko ta masu walda cikin rami, don yana sa komai ya kama da wuta.

Ana cikin wannan, mutum ɗaya ya riƙa magana da na ciki: "Ɗan'uwa, kana ji na? Kada ka motsa, ga mu nan." Wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 da motar asibiti, ya nemi dattijon gidan: "Baba, a taimaka a janye mana jama'a baya." Taron da ya yi cincirindo a baki yana zubo ƙasa da duwatsu kan na ciki, yana kuma iya rufta bakin.

Igiya biyu, kowacce da turkenta

Babbar igiya ita ke ɗaukar nauyi. Ta biyu ta kariya ce, tana bin ta ba nauyi, tana jiran ranar da ta farkon za ta ci amana. A kafa ƙarfe mai ƙafa uku a kan bakin rijiya, a ɗaure ƙafafun da sarƙarsu don kada su baje. Babbar igiya ta bi ta fulin da ke samansa. Jan da ake yi dole ya tsaya cikin da'irar ƙafafun. In aka ja ta gefe daga sama, ƙarfen zai kife. Igiyar kariya kuwa kada ta bi ta saman ƙarfen, ta bi ta ƙasa a kan baki, domin ko ya faɗi ta riƙe. A shimfiɗa tsohuwar mesar kashe gobara ko tamfol mai ninki a duk inda igiya ta taɓa siminti. Igiya mai nauyi a kan kaifin kankare tana yankewa cikin ɗan lokaci.

A kan igiyar kariya a ɗaura Furusik biyu a jere, ɗaya daga siririya mai santimita 135, ɗaya mai 165. Mai kula da ita ya riƙa zarar igiyar kaɗan-kaɗan, kada sako-sakon ya wuce tsawon hannu. Kuskuren sababbi shi ne damƙe Furusik da ƙarfi in sun firgita, wanda ke hana shi cijewa. A koya musu riƙon da zai saki da kansa.

Kafin kowa ya sauka, mutum ɗaya da bai ɗaura komai ba ya bi tsarin daga turke zuwa ɗamara yana taɓa kowane ƙulli da kowace karabina. Sannan a yi tambayar nan: in kowa ya saki hannu yanzu, mai sauka zai faɗi? In amsar e ce, a sake shiri.

Sauka da hawa

Tawagar ta ƙunshi: shugaba, mai sauka, mai birki, mai igiyar kariya, mai tsaron baki wanda shi ma yana ɗaure, da masu ja. Umarni daga bakin shugaba kaɗai yake fita, amma "tsaya" kowa na da ikon faɗa. Da usur: busa ɗaya tsaya, biyu a ja sama, uku a sauke. A sauke a hankali ba tare da fizga ba, hannun mai birki kuma ba ya barin igiya.

A ƙasa, mai ceto ya sa wa wanda ya faɗa hular kwano da ɗamara ko zanen ceto mai kusurwa uku. Ba a zarga wa mutum igiya a ƙugu ko a ƙirji, domin zarge na matsewa ya hana numfashi. Wanda ya faɗo daga sama a ɗauka ya ji rauni a wuya ko gadon baya, a tallafe su gwargwadon hali. Amma in iskar ba ta da kyau ko ruwa na neman rufe shi, fitarwa da sauri ita ce gaba.

Don ja sama, a mai da babbar igiya tsarin uku-da-ɗaya. Igiyar da ta fito daga rami ta shiga fuli a turke, da Furusik a gabansa mai hana ta komawa. Daga nan ta dawo wajen rami ta shiga fuli na biyu, wanda aka maƙala da wani Furusik a jikin igiyar mai nauyi, sannan ta juya zuwa hannun masu ja. Siffar harafin Z ke nan. Duk mita 3 da aka ja, nauyi ya hau mita 1. A lissafi mutum biyu masu kilo 150 sun koma kilo 50, ko da yake gogayya na cin wani abu, musamman in an sa karabina a madadin fuli. In fulin biyu sun haɗu, a tsaya, a bar Furusik na turke ya riƙe, a tura na gaba zuwa wajen rami, a ci gaba.

Mutum uku sun isa ja. In sun ji ya ƙi tafiya, wani abu ne ya maƙale: ƙafa, kafaɗa ko ƙulli a ƙarƙashin baki. A nan zancen sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba ya aiki, domin matasa 15 da suka kama igiya don taimako za su iya karya mutum ko su tumɓuke turke ba su sani ba. Ja da mota ko Keke Napep haramun ne a wannan aiki, direba ba ya jin abin da igiya ke ji.

Da an fito da shi, a duba numfashi. In babu, a fara danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2, a ci gaba har a miƙa shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko wanda ya fi kusa, saboda illar gurɓatacciyar iska da ruwan da ya shiga huhu kan bayyana daga baya.

Jerin atisaye

A fara a fili, a shimfiɗa tsarin duka a ƙasa ana jan buhun yashi mai kilo 75. Daga nan gangare, sannan tsayin mita 2 zuwa 3, har yanzu da buhu. Da buhun ake gwada sakin babbar igiya da gangan don mai kariya ya ji yadda kamun yake, kuma igiyar da aka yi wannan gwaji da ita ta zama ta atisaye kawai. Mutum mai rai ba ya hawa igiya sai tawagar ta yi tsarin sau da yawa ba gyara. A riƙa sauya matsayi, a yi wani atisayen da dare.

Wannan horo bai shafi ruwa mai gudu ba. In Kogin Kaduna ya cika a Agusta da Satumba, ɗaura wa mai ceto igiya a jiki ya shiga ruwa na iya danne shi ƙasa. Darasi ne daban da kayansa daban.

Bayan kowane aiki a bi igiya da tafin hannu daga baki zuwa baki, ana neman inda ta yi laushi, ta kumbura, ta ƙone ko farin cikinta ya leƙo. Ƙurar hunturu da yashi na shiga saƙar su riƙa yankan zare daga ciki, don haka a wanke ta da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ban da bilic, a shanya a inuwa. A ajiye ta cikin jaka nesa da batirin mota, domin ruwan batir na cin nailan ba tare da alama a waje ba. Kowace igiya da katinta: ranar saye, ranar kowane aiki, sunan wanda ya duba. Wadda ta kama faɗuwa mai ƙarfi, ko ta kai shekarun da kamfaninta ya ƙayyade, galibi 10 in ta daɗe, a yanka ta gunduwa-gunduwa don kada wani ya mai da ita cikin motar aiki.