Yadda ake rainon murucin bisa a gida

Murucin bisa, wanda masana ke kira Ansellia africana, tsiro ne na dangin okid da ke zama a kan bishiya, musamman a wuyan giginya, goruba da kwakwar manja. Ba kauci ba ne, ba ya shan ruwan jikin bishiyar, mazauni kawai yake nema. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa.

Sirrin rainonsa yana cikin saiwarsa. Iri biyu ce: mai kauri da ke manne wa ɓawo, da wasu farare sirara da ke miƙewa sama kamar tsintsiya. Waɗannan su ke tare busassun ganye, ganyen ya ruɓe ya zama abincinsa. Kada a yanke su don ana ganin sun yi buyagi, kada kuma a binne su.

A samo reshe daga wanda ya riga ya raina shi, domin tsige shi daga daji ya sa yana ƙaranci. A raba da wuƙa mai tsabta, kowane kashi da kara uku ko huɗu. Kara ɗaya tilo yakan yi shekaru bai yi fure ba. A shafa garin gawayi a wurin yankan, a bar shi kwana biyu a inuwa.

Sai a ɗaure shi da igiya a cokalin bishiya mai kaushin ɓawo, tam yadda ba zai motsa ba, don sabuwar saiwa tana karyewa in ana girgiza ta. In a tukunya ne, a huda ta sosai, a cika da gawayi, ɓawon itace da katangar tukunya, kowanne kamar girman goro. Ƙasa ko taki ɗanye suna kashe shi.

Yana son haske mai yawa: ranar safe, da inuwa kaɗan da azahar. Ganye ya yi kore shar amma babu fure, haske ne ya yi kaɗan.

Lokacin da sabon kara ke fitowa, a shayar duk kwana biyu ko uku, a bari ya tsane kafin a ƙara. Da karan ya ƙosa, a rage zuwa sau ɗaya a mako ko kwana goma, wannan ƙishin ne ke jawo fure. Da hunturu a riƙa fesa wa saiwar ruwa da sassafe. Gindin kara ya yi baƙi ya yi laushi, ruwa ne ya kwanta: a yanke ruɓaɓɓen har wurin mai lafiya, a dakata da shayarwa mako guda.